Tarihin Gano Galahanga da Jinkirin Girman Yara da Wuri, daga Baltimore zuwa Fagge

Gwajin gano lalura da wuri 'yan tambayoyi ne da dube-dube da ake yi wa ƙaramin yaro, galibi kafin ya cika shekara uku, don a ga ko zamansa, rarrafensa, jinsa, maganarsa da yadda yake hulɗa da mutane suna tafiya daidai da na tsararsa. Gwajin ba ya yanke hukunci. Rairaya ce kawai, a ware waɗanda ya kamata likita ya zauna ya duba da kyau. Lalurar da likitoci ke kira otizim, kafofin labarai na Hausa sukan ce mata galahanga, kodayake a bakin jama'a kalmar takan haɗa yara masu matsaloli daban-daban, da mai shanyewar jiki tun haihuwa da mai raunin fahimta, a jefa su kwando ɗaya. Abin da tarihin wannan gwaji ke nunawa shi ne bai taɓa kafuwa a wata ƙasa don kyawun takardar tambayoyi ba, sai inda aka jingina shi da wani wuri da iyaye mata suka riga suka saba zuwa, suka kuma yarda da shi.

A 1943 ne Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya bayyana yara 11 masu keɓe kansu, masu maimaita abu ɗaya, waɗanda ba sa jure a sauya musu tsari. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya rubuta makamancin wannan a Biyana. Daga nan aka ɓata fiye da shekara ashirin ana ɗora wa uwa laifi, wai sanyin zuciyarta ne ya kori ɗanta daga duniya, ra'ayin da Bruno Bettelheim ya fi kowa yaɗawa, kafin bincike ya tabbatar cewa abin a ginin ƙwaƙwalwa yake, gado kuma yana da babban kaso a ciki. A 1967 aka fito da gwajin Denver na auna girman yaro gaba ɗaya. A 1992 Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa a Ingila suka tsara gajeren gwaji na yara 'yan wata 18, wanda ya fi kula da abubuwa kamar ko yaro yana nuna abu da yatsa don wani ya gani, da ko yana wasan kwaikwayo. Diana Robins da abokanta suka faɗaɗa shi a 2001 ya zama M-CHAT, wanda sabon zubinsa ke da tambayoyi 20 ga yara daga wata 16 zuwa 30. A 2007 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a gwada kowane yaro a wata 18 da wata 24. Abin lura shi ne a can iyaye sun riga sun saba kai yaro mai lafiya wurin likita a waɗannan watanni, gwajin ya tarar da layi ne ya shiga.

A Afirka labarin ya fara da musu. Victor Lotter, wanda ya yi ƙidayar farko ta wannan lalura a Ingila a 1966, ya zagaya ƙasashen Afirka shida ciki har da Najeriya da Gana, ya duba yara fiye da 1,300 masu raunin ƙwaƙwalwa, ya buga sakamakonsa a 1978: tara daga cikinsu sun cika siffar da Kanner ya zana. Duk da haka, har a shekarun 1980 akwai masana da ke tambaya ko galahanga ba ciwon ƙasashen Turawa ba ne kawai. Nazarin da Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na Inugu da Kerim Munir suka yi a 2011 ya nuna inda gizo ke saƙar: yaran Afirka suna isa asibiti a makare, da yawansu kuma ba sa magana sam, wato masu tsananin lalura ne kaɗai ake gani. Duk wanda ya san Kano ya san hanyar da ake bi kafin a kai ga likita. Kaka za ta ce ai ubansa ma bai yi baki da wuri ba. Daga nan sai rubutu da hayaƙi da ruƙiyya, wani lokaci a ce ɗan ruwa ne ko shafar aljanu. Neman waraka ta addu'a ba shi ne matsalar ba, matsalar ita ce shekarun da ke wucewa ba a ko duba kunnen yaron ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da wannan lalura, babu kuma dalilin zaton cewa Fagge, a birnin Kano, ta fita daga lissafin.

Sai dai Najeriya tana da nata gadon a wannan fanni, wanda ya girmi M-CHAT da shekara arba'in. A ƙarshen shekarun 1950 likita David Morley, yana aiki a Imesi-Ile a ƙasar Yarbawa, ya kafa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kuma tsara katin da ake zana nauyin yaro a kai wata-wata, katin da uwa ke riƙewa a hannunta. Wannan shi ne kakan katin awo da ake ba mata a yau, kuma duniya ta kwaikwaye shi. Hikimar Morley ita ce ya miƙa aikin ga ma'aikatan jinya da iyaye mata, bai jira ƙwararru ba. A ganina nan ne, wato wurin awo da rigakafi, ya kamata Kano ta ɗora, ba a kafa wani sabon sashe na galahanga kaɗai ba. A wurin da sanƙarau ke barin yara da kurumta, shawarar jarirai da wahalar haihuwa ke taɓa ƙwaƙwalwa, zazzaɓin cizon sauro ke kawo jijjiga, tamowa ke tauye girma, tambayar da ta dace ita ce ta girman yaro baki ɗaya, galahanga ta zama reshe ɗaya daga ciki.

Mai suka na farko zai ce jingina wannan aiki da wurin rigakafi wasa da wuta ne, kuma a Fagge yana da hujja. A Asibitin Zana, asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke wannan yanki, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200. Sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, kamfanin ya ce cutar ce ta jawo, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi lokacin da jihar ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004. Ga kuma ƙaryar Andrew Wakefield ta 1998 da ta danganta allurar ƙyanda da galahanga, wadda mujallar da ta buga ta janye a 2010 amma har yau tana yawo a wayoyin mutane. Alamun galahanga sukan bayyana a shekara ta biyu, daidai lokacin da aka gama allurai, don haka zargi ba zai yi wuyar tashi ba. Amsar tana cikin tarihin Kano ɗin kanta: an shawo kan ƙin rigakafi ne da sarakuna da malamai da matan unguwa masu shiga gida-gida, har aka daina ganin ƙwayar shan inna ta daji a jihar bayan 2014. Shiru ne ke ciyar da jita-jita. Uwar da aka bayyana wa abin da ke damun ɗanta ta fi wuyar ruɗuwa.

Na biyu zai ce tambayoyin baƙi ne: Bahaushe yana koya wa yaro kunya, ba a son ya ƙura wa babba ido. Gaskiya ne fassara kai tsaye tana ɓata gwaji, kuma a Sabon Gari, inda tun kafuwarta wajen 1913 ake cakuɗa Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, dole ma'aikaci ya tambayi uwa da harshen da take rainon ɗanta. Amma ɗan wata 18 bai kai ga koyon kunya ba. Ko ya waiwaya idan an kira sunansa, ko ya ɗauko abu ya nuna wa uwarsa, waɗannan ba al'adar kowa ba ce. Tashi cikin harsuna biyu ko uku ma ba ya hana yaro yin nuni ko amsa kira.

Suka mafi nauyi ita ce ta uku: me za a yi wa yaron bayan an gano? Masu koyar da magana kaɗan ne, Asibitin Malam Aminu Kano da na Hasiya Bayero da na Murtala cike suke, makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki ba za su ɗauke kowa ba. Ko a Amurka wani kwamitin masana na gwamnati ya ce a 2016 hujjar gwada kowane yaro ba ta isa ba, Birtaniya ma ba ta yi wa kowa. Wannan suka ta fi ƙarfi a kan gwajin galahanga kaɗai, ta yi rauni a kan duban girma gaba ɗaya, domin kurumta da farfaɗiya da tamowa duk suna da abin yi tun yau, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da shirin koya wa iyaye yadda za su ja yaro cikin wasa da magana a gida. Giɓin gaske na lokaci ne: allurar ƙarshe a jadawalin rigakafin ƙananan yara tana zuwa a wata 15, M-CHAT kuma yana farawa a wata 16, wato uwa takan daina zuwa awo wata guda kafin gwajin ya soma amfani. Masu haɗuwa da yaro bayan nan su ne masu raba sinadarin bitamin A sau biyu a shekara, da masu bi gida-gida da maganin kariyar zazzaɓi a damina ga yara daga wata 3 zuwa 59.