Philippe Thys

Philippe Thys ɗan tseren keke ne ɗan ƙasar Beljiyam. An haife shi a Anderlecht ranar 8 ga Oktoba, 1889, ya rasu a watan Janairun 1971. Shi ne mutum na farko da ya lashe gasar Tour de France sau uku, a 1913 da 1914 da 1920. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana gudanar da gasar daga 1915 zuwa 1918, lokacin da yake kan ganiyarsa. A 1917 ya ci tseren Paris-Tours da na Lombardiya. Sai a 1955 Louison Bobet na Faransa ya kamo tarihinsa na lashe Tour de France sau uku, kuma ba wanda ya zarce shi sai Jacques Anquetil a 1963.