Kotun "Allah Ya Isa": Tarihin Hukuncin Ƙarshe a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan yi wa Kotun Ƙoli kirari da "daga ke sai Allah ya isa", wato idan ta yanke hukunci, bakin alƙalami ya bushe. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda kotun ta sami wannan matsayi, da waɗanda suka taɓa keta shi.

2.0 Daga Landan Zuwa Legas

Kafin 1963, akan ɗaukaka ƙara daga Nijeriya zuwa kwamitin shari'a na Majalisar Sarauniya da ke Landan. A watan Mayu na 1963 kwamitin ya ba Adegbenro gaskiya a kan Akintola, a rikicin kujerar Firimiyan Jihar Yamma. Nan take majalisar jihar ta gyara tsarin mulkinta, ta mayar da aikin gyaran baya zuwa 1960, hukuncin ya tashi a banza. Da ƙasar ta zama jamhuriya a Oktoban shekarar, sai aka rufe ƙofar Landan, magana ta ƙarshe ta koma hannun Kotun Ƙoli a Legas.

Wannan bai hana masu mulki sa hannu ba. A 1970 kotun ta soke ƙwace dukiyar Lakanmi, amma gwamnatin Janar Gowon ta kafa Dokar Soja mai lamba 28, wadda ta rushe hukuncin.

3.0 Matsayin Doka a Yau

Sashe na 235 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ɗaukaka ƙara daga Kotun Ƙoli, in ban da ikon afuwa na shugaban ƙasa ko gwamna. Ita kanta kotun ba ta waiwayar hukuncinta sai don gyara tuntuɓen alƙalami, ko inda aka yaudare ta, ko ta yi shari'ar ba da hurumi ba. A 2020 ta ƙi sake duba hukuncin zaɓen gwamnan Bayelsa, har ta ci lauyoyin da suka nema tara. Haka ta yi a kan Imo, ko da yake Mai Shari'a Nweze ya saɓa wa sauran alƙalai shida.

4.0 Kammalawa

Alƙali ɗan Adam ne, yana iya kuskure. Sai dai ƙofar da aka buɗe don gyara kuskure, mai ƙarfi ne kan riga talaka shiga, kamar yadda 1963 da 1970 suka nuna. Abin da ya rage wa kotun shi ne ta auna da kyau kafin ta yanke.