Sai da ruwan ciki: yadda FC Taraba ta hau Firimiya ta sauko

A ƙarshen kakar 2013 ne FC Taraba ta haye gasar Firimiya ta Najeriya, tare da Giwa ta Jos, Crown ta Ogbomosho da Abia Warriors. Jihar Taraba da aka yanko daga tsohuwar Gongola a 1991 ta samu abin alfahari. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare a Lau, can bakin kogin Binuwai, sai ya shiga mota zuwa Jalingo, ya ga Kano Pillars da Enyimba ido da ido a filin wasa na Jolly Nyame. An ɗauka shiga sahun manya zai jawo kamfanoni da kuɗin talabijin. Kaka biyu kacal aka yi: a 2015 ƙungiyar ta faɗo, ƙarshen shekarar kuma 'yan wasanta suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan gwamnati suna kwana, suna neman albashin watanni da ya maƙale.

Dalilin a fili yake. Babban rukuni yana zuwa da babbar ɗawainiya tun kafin ya kawo ko kwabo: albashin ƙwararru, kuɗin masauki, da tafiyar dogon zango a mota daga Jalingo zuwa Fatakwal ko Warri. Ƙungiyar da ta jingina kacokan da aljihun gwamnati, ranar da rabon tarayya ya ragu, kamar yadda ya faru da faɗuwar farashin mai a 2015, ita ake fara mantawa. Ko a Amurka, inda ƙwallon jami'o'i ke juya maƙudan daloli, Jami'ar Idaho ta hau babban rukuni a 1996, ta sha wahalar neman gasar da za ta zauna a ciki, daga bisani ta koma ƙaramin rukuni a 2018.

Wani zai ce wanda bai hau ba, wa zai gan shi balle ya zuba masa kuɗi? Da gaskiyarsa, amma a dubi Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin a 2008, 2012, 2013 da 2014. Ita ma ta gwamnati ce, sai dai cikar da filin Sani Abacha ke yi ranar wasa ta sa ba gwamnan da zai yi sake da ita. Wannan garkuwar ce Taraba ba ta riga ta ƙera ba lokacin da ta hau.

Don haka masu burin mayar da jihar Firimiya su fara daga tushe: gasar makarantu mai ɗorewa a Lau, Karim Lamido da Zing, tikitin da talaka zai iya saya, da 'yan kasuwar gida masu ɗaukar nauyi. A tara 'yan kallo tukuna, sannan a nemi hawa.