Yaƙin Basasa a Littafin Akawu

Fagen yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana can kudu, nesa da Talata Mafara. Mu ta takarda ya iso mana. A Mayun 1967 Gowon ya raba Arewa jihohi shida, muka faɗa Jihar Arewa maso Yamma ƙarƙashin Usman Faruk, umarnin da aka saba jira daga Kaduna ya koma fitowa daga Sakkwato. A Janairun 1968 aka canza takardun kuɗi don karya tattalin arzikin Biyafara, dole harajin Bakura da jangalin Maradun suka shiga lissafi da sabon kuɗi.

Duk wannan ta hannun akawun En'e ya bi. Janar-janar sun rubuta littattafansu, shi kuwa rasit ya rubuta, kuma mun fi yarda da rasit, don ba ya neman yabo.

Fayilolin Lardin Sakkwato da ke gidan adana tarihi na Kaduna galibinsu na zamanin Turawa ne. Na shekarun yaƙi sun ga rabon jiha a 1976 da 1996. Abin da akawu ya kai gida kuwa, magada da gara ke rabonsa.