Ƙaraf-ƙaraf da jinkirin murya a ɗaukar sauti na gida: dalilai da magani

A wani ɗaki nake ɗaukar sauti a Agege: waƙar biki, tallar 'yan kasuwa, wani lokaci karatu. Na taɓa ɗaukar karatun wani malami na kusan awa guda, sai da ya tafi na ji ƙaraf-ƙaraf ta cika shi daga farko har ƙarshe. Dole na sake kiransa, na biya kuɗin motarsa, ga kunya. Tun daga ranar na tattara waɗannan bayanai, ga su nan ga duk mai irin wannan sana'a.

Mene ne jinkirin murya?

Shi ne tazarar da ke tsakanin lokacin da ka yi magana a makirfo da lokacin da ka ji ta a hedifon. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, sai ta tara shi a wani ɗan ma'aji da ake kira bafa. Girman bafa shi ke kawo yawancin jinkirin.

Lissafin mai sauƙi ne: raba girman bafa da yawan samfur ɗin da ake ɗauka a sakan. Idan kana aiki a 48,000, bafa 128 na ba da milisakan 2.7, 256 na ba da 5.3, 512 na ba da 10.7, 1024 kuwa 21.3. Wannan tafiya ɗaya ce. Tunda sautin zai shiga ya kuma fito, ka ninka biyu, har da ɗan ƙari. Idan jimillar ta wuce milisakan 10 zuwa 15, mawaƙi kan fara jin muryarsa tana biyo shi a baya, sai ya kauce wa kiɗa.

Maganin jinkiri

1. A Windows, yi amfani da direban ASIO na kamfanin akwatin sautinka. Direban Windows na yau da kullum yana da jinkiri sosai. In ba ka da akwatin, ASIO4ALL kyauta ne, ya fi babu.
2. Lokacin ɗauka, sa bafa a 128 ko 256. Lokacin haɗa sauti, mayar da shi 1024, don a nan jinkiri ba ya cutarwa.
3. Akwatuna irin su Focusrite Scarlett suna da maɓallin Direct Monitor, wanda ke kai murya kunne kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. In ka kunna shi, kashe sauraron da ke cikin manhajar, in ba haka ba za ka ji murya biyu. Sai dai ta nan ba za ka ji Auto-Tune ko eko ba.
4. Kada ka yi ɗauka da hedifon na Bluetooth. Jinkirinsa kan haura milisakan 100.

Ƙaraf-ƙaraf da yankewar sauti

Wannan na faruwa idan kwamfuta ta kasa cika bafa a kan lokaci. Abin da nake bi, ɗaya bayan ɗaya:

1. Ƙara girman bafa. In ƙarar ta ɗauke, nauyi ne ya yi wa kwamfutar yawa, sai ka rage fulogin.
2. Rufe Chrome da WhatsApp na kwamfuta, ka kashe Wi-Fi. Manhajar LatencyMon na nuna direban da ke tare hanya. Nawa na ranar malam, na Wi-Fi ne.
3. A saitin wuta na Windows, zaɓi mafi ƙarfi. Yanayin tattalin batir yana rage gudun kwamfuta.
4. Jona akwatin a jikin laftof kai tsaye, ba ta mahaɗar USB mai baki da yawa ba. Gwada wata igiyar kuma.
5. Tabbatar Windows da akwatin da manhajar duk suna lamba ɗaya, ko 44,100 ko 48,000.

Ba kowace ƙara ce ta kwamfuta ba

In murya na fashewa ne kawai idan an ɗaga ta, gen ne ya yi yawa. Rage shi har ƙololuwar ta tsaya tsakanin -12 da -6 dB. Abin da ya riga ya fashe da wuya ya gyaru.

In kuwa gunji ne mai "zuuu" da ba ya tsayawa, wuta ce. Lantarkin Najeriya na kaɗawa sau 50 a sakan, kuma yana iya shiga sauti ta caja maras kyau ko wayarin da ba shi da layin ƙasa. Ƙaramin janareta yana ƙara dagula lamarin. Gwajin: cire cajar laftof. In gunjin ya tafi, ka gano ɓarawon, sai ka yi ɗauka da batir ko ka sauya caja.

Shawarata ta ƙarshe: in za ka sayi akwatin sauti a Computer Village ko Alaba, je da laftof ɗinka ka gwada a wurin. Sannan kafin kowane aiki, ɗauki minti ɗaya ka saurara da kunnenka tukuna. Kuma ka sauya abu ɗaya a lokaci guda, don ka san ainihin wanda ya yi maganin.