Tsofaffin motocin gudu na Japan: wacce za ta iya zama a hanyoyin Ƙonni, Malbaza da Illela?

Tsakanin shekarun 1980 da farkon 2000, kamfanonin Japan sun ƙera wasu ƙananan motoci masu ƙofa biyu, gajeru, masu saurin tashi, waɗanda ake kira voiture de sport da Faransanci. Cikinsu akwai Celica, MR2 da Supra na Toyota, Prelude ta Honda, MX-5 da RX-7 na Mazda, sai 300ZX da Skyline na Nissan. A yankin Alela ba a cika ganinsu ba, domin Corolla, Starlet da Hilux ne ke riƙe da hanya. Amma matasa na ganinsu a waya, wani lokaci kuma ɗaya takan faɗo cikin motocin hannu da ake kawowa daga Turai, da farashi mai jan hankali. Kuɗin saye ba shi ne babbar matsala ba. Abin tambaya shi ne ko injin motar yana da dangi cikin motocin da makanikan yankin suka saba buɗewa.

Ta wannan fuska Celica ce a gaba. Toyota ta ƙera ta daga 1970 zuwa 2006, kuma yawancin waɗanda aka sayar a Turai suna ɗauke da injin motocin gida ne. Ta shekarun 1993 zuwa 1999 mai lita 1.8 tana da injin 7A-FE, irin na Carina E. Ta ƙarshe, daga 1999 zuwa 2006, tana da 1ZZ-FE, wanda ke cikin Corolla da Avensis. Ke nan fulogi, filta, famfon ruwa da gasket duk ana iya samunsu a Ƙonni, ko a tsallaka Illelar Najeriya a nufi Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 90. In ta kai ga canja inji gaba ɗaya, kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba ta rasa shi. Aibin 1ZZ-FE na shekarun farko shi ne shan baƙin mai saboda zoben fistan, don haka mai saye ya dubi hayaƙin salansa da safe, kafin inji ya ɗumama. Abin da ke wahalar samu a Celica shi ne kayan jiki: fitila, gilashi, bamba. Ƙaramin karo a kasuwa na iya ajiye mota wata biyu tana jiran fitila daga Legas.

Prelude, wadda Honda ta daina a 2001 bayan ƙarni biyar, tana biye. Mai lita 2.0 danginta ɗaya da Accord, motar da ta cika arewacin Najeriya. Mai lita 2.2 ta VTEC ta fi daɗin tuƙi amma ba ta yafe sakaci: in bel ɗin taimin ya tsinke, fistan zai daki bawul, a wayi gari ana neman sabon kan inji. Duk wanda ya sayi irinta ba tare da takardar gyaran baya ba, ya canja bel ɗin tun ranar farko.

MX-5, wadda ta fito a 1989, injinta mai sauƙi ne, ɗan uwan na Mazda 323, kuma ba ta cika ba da wahala ba. Matsalarta rufi. Na tampol ne mai naɗewa, an yi shi don ƙasashen da ake marmarin rana. A Ƙonni, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, tampol yakan tsage, ƙurar hunturu kuma ta shiga ko'ina. MR2 kuwa injinta a bayan direba yake, lagireto a gaba, ruwa na bin dogayen bututu a ƙarƙashin mota. Dutse ɗaya a hanyar karkara ya isa ya huda bututun, kuma in ba a fitar da iska da kyau ba bayan an zuba ruwa, inji ya yi zafi ya ƙone gasket.

Daga nan sai masu turbo. Supra ta 1993 zuwa 2002 tana da injin 2JZ, wanda ya yi suna wajen juriya, amma farashinta ya bar hannun talaka tun bayan fim ɗin The Fast and the Furious na 2001. An sayar da wasu a Amurka sama da dala 100,000. Dokar Amurka da ke barin a shigo da motar waje in ta cika shekara 25 ita ma ta ɗaga farashin Skyline GT-R, wadda sitiyarinta a dama yake, irin na Japan. A Nijar da ake tuƙi ta hannun dama, wuce babbar motar siminti a kusa da Malbaza da irin wannan sitiyari kasada ce, don direba ba ya hango abin da ke tahowa. 300ZX mai turbo biyu ta fi araha, sai dai injinta ya cika akwatinsa maƙil, ƙaramin gyara kan buƙaci a kwance abubuwa da yawa, zafi kuma yana cin wayoyi da robobinta.

Duk masu turbo suna son mai mai ƙarfi, kuma mai tsabta. Nan ne yanayin iyaka ke shigowa. Shekaru da dama yankin ya rayu da man ruwa-ruwa na kwalba, wanda ƙura da ruwa kan shiga. Cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, da rage farashin lita a Nijar zuwa sefa 499 a Yulin 2024, sun sauya lissafin wannan kasuwa, amma a ƙauyuka kwalba na nan. Tsohuwar Corolla za ta haɗiye shi ta wuce. Inji mai turbo zai fara ƙara, ya lalata fistan a hankali.

A can ƙarshe RX-7 take, tare da ƙanwarta RX-8 ta 2003 zuwa 2012. Ba su da fistan irin wanda aka sani. Wani ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa a cikin inji, kuma da gangan yake ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan don shafa wa ƙusoshinsa. Ga shan mai, ga tsoron zafi. RX-8 ce ta fi haɗari ga mai saye, domin a Turai ana sayar da ita da rahusa daidai lokacin da injinta ya fara rasa ƙarfi, kuma babu wata motar haya ko ta gida da za a ciro wa kaya a sa mata.

Akwai abin da ya haɗa su duka: ƙasa-ƙasa suke. MX-5 tana da tazarar kusan santimita 14 daga ƙasa, Hilux kuwa ta haura 20. A kan kwaltar RN1 daga Ƙonni zuwa Madawa za su yi tafiya, in aka lallaɓa tudun rage gudu na garuruwa. Hanyoyin jar ƙasa na ƙauyukan Illela, da koramun da ke cika da damina, ba nasu ba ne. Tayoyinsu masu siraran gefe ma rami ɗaya ke fasa su.

Sai batun takardu. Kuɗin duwan, carte grise da inshora suna nan kamar na kowace mota, kuma tun rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano sun koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Mota mai lambar Najeriya da aka saya a Sakkwato ita ma sai an biya mata duwan kafin ta samu lambar Nijar.