Rukunin "Mai Yawan Sitiroma" a Sankarar Mafitsara: Nau'in Ciwo Ne ko Tasirin Samfuri?

Gabatarwa

Tun da aka fara auna RNA na ƙarin mafitsara, kowace cibiya ta fito da nata rabon. Masu bincike na Lund a Suwidin sun kawo rukuni 5 a 2012, cibiyar MD Anderson ta kawo 3 a 2014, shirin TCGA na Amurka kuma ya kawo 5 a 2017 bayan nazarin ƙari 412. Kamoun da abokan aikinta ne suka yi sulhu a 2020: suka haɗa bayanan ƙari 1,750 masu shiga tsokar mafitsara, suka tsayar da rukuni 6. Biyar daga ciki ba mu da ja a kansu. Na shidan, wanda suka kira mai yawan sitiroma (wato naman da ke kewaye da ƙwayoyin sankara), mai ɗauke da kashi 15 cikin ɗari, shi ne abin da bai kwanta mana ba.

Hanyar Bincike

Mun gwama ƙwayoyin gadon da ke bambanta kowane rukuni da sakamakon rina yankan nama da aka riga aka wallafa.

Sakamako da Tattaunawa

Cikin waɗannan rukunan, na basal ana gane shi da ƙwayoyin gadon KRT5 da KRT14, na lumina kuma da GATA3 da KRT20. Duk waɗannan daga ƙwayoyin sankarar kansu suke fitowa. Mai yawan sitiroma kuwa alamominsa irin su DES da MYH11 na tsokar bangon mafitsara ne, wato lafiyayyen naman da ciwon ya kutsa ciki.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa shirya samfuri. Likitan tiyata yakan kankaro ƙarin har da tsoka da gangan, don a san zurfin da ya kai. A ɗakin gwaji sai a niƙe gutsuren gaba ɗaya a tatsi RNA, kamar an daka gero da tsabarsa da dusarsa. Idan tsoka ta fi yawa, ita za ta rinjayi sakamakon. Aikin Sjödahl na 2017 ya nuna haka: da aka rina irin waɗannan samfura aka duba ƙwayoyin sankarar su kaɗai, wasu lumina ne, wasu basal. Ke nan inda wuƙa ta bi yana iya sauya rukunin majinyaci. Ba mu ce sitiroma ba ta da tasiri ga yadda ciwo ke karɓar magani ba. Matsayinmu shi ne a auna ta daban, a daina ƙirga ta cikin nau'o'in sankara.

Iyakokin Bincike

Ba mu tattara sabon samfuri ba, kuma za a iya kama mu da wannan. Bayanan ma galibi na Turai da Amurka ne, inda taba sigari ce babbar sila. Sankarar da tsargiya ke haddasawa, wadda aka sani a Masar da arewacin Nijeriya, kusan ba ta cikinsu.